Da celo zuwa Jos a tsakiyar hunturu

Shekaranjiya muka sauko daga Jos, har yanzu leɓena a tsage yake. Aikin haɗa sauti ya kai ni. Wani matashi mai kiɗan celo ya shirya zama da makaɗan garin, aka ce in taso daga Kano in same shi a Abuja mu hau tare.

Ga wanda bai taɓa gani ba, celo babban goge ne na Turawa. Tsawonsa ya kai mita 1.2, a zaune ake goga shi, an rungume shi tsakanin gwiwoyi, da tsinken ƙarfe a gindi yana tokare ƙasa. Tsirkiya huɗu gare shi, C, G, D da A, kuma bakansa izgar doki ce da ake shafa wa ƙaro, sak irin na gogenmu. A tasha aka fara rigima, domin direba ya so ɗaure shi a saman mota. Da rana ta buge shi awa huɗu, da gam ɗin da ke riƙe katakon ya saki. Dole muka biya masa kujera biyu, ya zauna da bel kamar wani alhaji.

Keffi da Akwanga barci na sha. Kafin Hawan Kibo wani mai kaki ya tare mu a shinge, ya leƙo, fuska a murtuke.

"Gawar wa kuka ɗauko?"

"Yallaɓai, kayan kiɗa ne."

Ya sa aka buɗe, ya ƙwanƙwasa cikin da sanda, har ya ɗaga zai girgiza ya ji ko an ɓoye wani abu. Nan mai celon ya kusa kuka, kuma yana da hujja. A cikin celo akwai ɗan sandan katako a tsaye tsakanin gaba da baya, ba a manne yake ba, matsin tsirkiya kaɗai ke riƙe da shi, haka ma jakin da tsirkiyoyin ke hawa. In sandan ya faɗi sauti ya mutu, kuma sai gwani mai ƙarfen musamman zai tayar da shi ta ramin gefe. Shi ya sa ko a tafiya ba a sassauta tsirkiya huɗun gaba ɗaya. Sai da aka goga masa kaɗan ya sake mu, ko sannu babu.

Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, sanyinta na Disamba kuwa ya sa na daina cika baki da na Kano. Amma bushewar iska ce ta fi cutar celo. Kayan yana son danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Da gari ya waye kunnuwan ɗaure tsirkiya biyu sun zame, saboda katako ya tsuke. Maganin mai arha ne: soso a jiƙa, a matse shi sosai, a sa cikin robar sabulu da aka huda, a ajiye cikin akwatin a rufe. Kunnen kuma a riƙa tura shi ciki yayin murɗawa.

Hajiyar da ta sauke mu, Allah ya saka mata. Ta ga muna karkarwa ta kawo gwaten acca da zafinsa, ganye ya fi tsaki yawa, ta ƙara da bargo biyu. Na ce, "Hajiya, ɗawainiyar ta yi yawa." Ta ce baƙon Jos da bai ci gwate ba bai zo ba. A Kano da shayi da burodi za a sallame mu.

Zaman gwaji da dattijo mai goge shi ne abin da na fi so in ba da labari. Mai celo ya ɗaure kayansa a kan A 440, ma'aunin muryar da makaɗan Turawa ke bi, kamar yadda aka koya masa, ya jira Baba ya biyo shi. Baba ya ce shi gogensa muryarsa yake bi. Gaskiyarsa ce: ƙwarya ce da fatar guza da tsirkiya guda ta izga, fatar na tsukewa in iska ta bushe, ta saki in an yi raɓa, don haka sautin safe daban da na dare. Da yake wuyan celo ba shi da layukan ƙarfe irin na jita, shi ya fi sauƙin komawa. Sai ya sassauta G da D har suka zauna a kan uwar muryar gogen, yana jan su dogo a ƙasa, Baba yana yawo a sama cikin muryoyinsa biyar. Duk lokacin da matashin ya cusa muryoyi biyun da babu su cikin biyar ɗin Baba, sai Baba ya tsaya ya ce, "Yaro, ka zuba gishiri a kunu."

Kalangu kuwa ni ya ba wa aiki. In an saki tsirkiyarsa yana sauka cikin muryar celo, su haɗu su zama taɓo. Na matsar da makaɗin taku huɗu, na maƙala wa celo ƙaramin makirfo a ƙasan jaki, na yanke duk abin da ke ƙasa da hez 60 a ma'aunin kaurin sauti, tun da C ɗinsa a 65 take. Sifikar gabansa na rage mata sautin wajen hez 200, domin cikin celo akwati ne, yana kama sauti ya mayar har a ji kuka. Tsinken gindi ya yi ta zamewa a kan tayil, muka huda katako muka ɗaure shi da igiya a ƙafar kujera. Kujerar ma sai marar hannu, in ba haka ba gwiwar hannu ba ta sakewa.

A garin da Ɗan Maraya ya yi suna da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba a burge mutane da yawan tsirkiya. Daren wasan mai celo ya buɗe da kiɗan Bach, tsohon mawallafin kiɗa na Jamus, shi kaɗai, aka tafa don ladabi. Da matan zumunta suka shigo da tulunansu da kacau-kacau, ya ajiye baka yana tsinkar tsirkiya da yatsa, zauren ya motsa. Yaran gambarar zamani, a garin su M.I da Ice Prince, sun sa shi maimaita layi ɗaya har ya gaji. Goge ne ya tashi mutane tsaye, aka yi wa Baba liƙi, celo ma wata ta manna masa ɗari biyar a wuya.

Washegari na leƙa gidan tarihin da aka buɗe a 1952 a gurguje, na wuce kasuwar Farin Gada. Kabeji, karas da dankalin Turawa kusan rabin kuɗin 'Yankaba ta Kano, kuma ba a yi mini rantsuwa ko ɗaya ba. Na sayi buhu guda. A tasha yaron mota ya ɗaga shi zai ɗora kan akwatin celo, muka yi ihu mu biyu, buhun ya ƙare a kan cinyata har Akwanga.