Waƙar AC/DC, Helmanmu da Baba

Ranar 7 ga Oktoba 2020 ƙungiyar makaɗa ta AC/DC ta saki waƙarta "Shot in the Dark", kuma a makonnin da suka biyo baya, ko kana so ko ba ka so sai ka ji ta a Sidni ta ƙasar Ostireliya. A siton da nake aiki ba a kashe rediyo daga safe har a tashi, tashar da ake kamawa kuwa ta riƙa maimaita ta ba ƙaƙƙautawa. Ni dai irin wannan kiɗa bai taɓa shiga raina ba: jita mai tsananin ƙara, ganga mai nauyi, mawaƙi da shaƙaƙƙiyar murya. Amma na ga dattawa masu furfura, waɗanda ko gaisuwa da ƙyar suke amsawa, suna tuƙa motar ɗaga kaya suna kaɗa kai.

Murnar tasu tana da dalili. Kowa ya riga ya ɗauka ƙungiyar ta mutu. A 2016 likitoci suka gargaɗi mawaƙinsu Brian Johnson cewa in ya ci gaba da hawa dandali zai kurumce gaba ɗaya, ya ajiye ana tsakiyar rangadi. Mai jitar bes Cliff Williams ya yi ritaya a wannan shekarar, mai ganga Phil Rudd kuma shari'a ta riƙe shi a Niyu Zilan. Sai ga su duka sun dawo, Johnson yana da shekara 73, mai jita Angus Young yana da 65 kuma har yanzu da gajeren wandonsa na 'yan makaranta. Wasu sun ce ai waƙar ba ta da bambanci da abin da suke yi tun shekara arba'in. Masoyansu suka ce abin da suke so ke nan. Da kundin, Power Up, ya fito ranar 13 ga Nuwamba, ya hau na ɗaya a Ostireliya da Birtaniya da Amurka.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a ɗakin cin abinci. An sako waƙar, na ga kowa ya saki jiki, sai na ce wa helmanmu, da zuciya ɗaya, lallai mutanen nan suna da ƙarfin hali da suka dawo a wannan shekarun. Ya kalle ni ya ce, a gaban kowa, wannan kiɗanmu ne, sai wanda aka haifa a nan yake jin sa a jikinsa, kai ba za ka gane ba. Aka yi dariya. Na rufe kwanona na fita. Mutumin da nake rufe masa aikin dare duk lokacin da ya rasa mai yi, wanda bai taɓa jin na ce na gaji ba! Wallahi har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Wani dattijo ɗan Lebanon da muke aiki tare ne ya same ni a waje ya ce kada in damu, su ma masu kiɗan baƙi ne. Gaskiya ya faɗa. A Gilasgo ta Sikotlan aka haifi Malcolm da Angus Young. A 1963 iyayensu suka kwaso su zuwa Sidni, Angus yana ɗan shekara takwas, kuma masaukinsu na farko shi ne sansanin baƙi na Villawood, unguwar da a yau ake tsare waɗanda takardunsu suka sami matsala. Bon Scott, mawaƙinsu da ya rasu a 1980, shi ma haihuwar Sikotlan ne. Johnson da Williams 'yan Ingila ne. Cikin mutum biyar da suka yi wannan waƙa, Rudd kaɗai aka haifa a Ostireliya. Ban koma na faɗa wa helma ba, ina bukatar aikin. Amma na ɗaga kaina a sauran ranar. Ni ma da gumina nake ci a ƙasar nan, harajina nake biya, ban taɓa miƙa hannu ga kowa ba.

Labarin Malcolm ne ya karya ni. Shi ne yayan Angus, su biyu suka kafa ƙungiyar a 1973. Gigin tsufa ya kama shi tun bai tsufa sosai ba, har ta kai a rangadinsu na ƙarshe tare sai ya sake koyon waƙoƙin da shi ya ƙirƙira kafin a hau dandali. A 2014 ya bari, aka kai shi gidan jinya a nan Sidni, ya rasu a Nuwamba 2017 yana da shekara 64. Sabuwar waƙar da sauran na kundin duk daga kiɗe-kiɗen da suka tara tare da ƙanensa aka gina su, kuma da sunayensu biyu aka rubuta. Ɗan wansu Stevie ne ya riƙe jitarsa. Angus yana kusa, yana zuwa duba Malcolm, ya kuma raka gawarsa.

Baba ma abin da ke damunsa ke nan. Ya fara da manta inda ya ajiye carbi, yanzu ya kai sai ya yi sallar La'asar ya tashi ya ce ba a kira shi salla ba. Rannan ya fita da asuba wai zai je kasuwa buɗe shago, shagon da aka sayar tun ina sakandare, almajiran maƙwabta ne suka dawo da shi. In na kira ta WhatsApp, da bambancin awa goma tsakaninmu, wani lokaci ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu. Na amsa. Ya tambaye ni ya gona, na ce lafiya lau, Baba.

Ranar 20 ga Maris 2020 aka rufe iyakar ƙasar nan. Da irin bizar da nake da ita, a lokacin fita ba wuya, dawowa ce babu, kuma in na rasa aikin nan wa zai sayi maganin, wa zai biya kuɗin makarantar yara? Haka nake gaya wa kaina. Inna ba ta taɓa cewa in dawo ba, kullum sai dai Allah ya yi maka albarka. Autarmu ce ba ta ɓoye min. Ita ke wanke shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke kwana a bakin ƙofa don kada ya fice, har an ɗaga bikinta saboda haka. Ta ce, "Yaya, kuɗi ba ya ɗaga mutum daga tabarma." Ban sami abin ce mata ba.

Wanda nake fushi da shi shi ne babban wanmu. Yana Kaduna, tafiyar 'yan awanni, amma tun Babbar Salla bai leƙo ba, sai dai ya kira ya ba da umarni a kai Baba wurin mai ruƙiyya, alhali likita ya riga ya faɗi abin da ke damunsa. Ni da teku ta raba mu ina da uzuri ko ba ni da shi, Allah ne masani, amma shi fa? Na kira Kawu na roƙe shi ya tara mu a waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a raba kwanaki, kowa ya san makonsa, ni kuma in ɗauki albashin wanda zai riƙa kwana da Baba, ko yarinyar nan ta sami barci. Kawu ya ce zai yi masa magana.