Gyara da Fentin Ɗan Mutum-mutumin Aljanin Bishiya

Rassan roba da ke zuwa da irin wannan mutum-mutumi na wasan yaƙi a kan tebur sun cika miƙewa sambal, shi kuwa icen gaske karkacewa yake yi. Yanke su daga kafaɗa, ka huda rami mai zurfin milimita 3, ka soka wayar tagulla mai kaurin milimita 1 da ɗigon gam. Gam kaɗai ba ya riƙe reshe; faɗuwa ɗaya, ya ɓalle.

Don sabon reshe, murɗa waya biyu tare, ka lulluɓe su da Green Stuff, wato wani abu mai danƙo kamar yumɓu da ke taurarewa bayan an cuɗa ɓangarensa rawaya da shuɗi daidai wa daida. Bar shi minti 20 ya rage danƙo, sannan ka ja layukan ɓawo da jiƙaƙƙiyar allura. Kada layukan su jeru, in sun jeru sai ɓawon ya koma kamar gashi. A bar shi ya kwana.

Fenti kuwa, shimfiɗa baƙi, ka bi da ruwan toka mai ɗan ruwan ƙasa. Ruwan ƙasa zalla kuskure ne, ɓawon tsohuwar bishiya ya fi kusa da toka. Zuba fenti mai ruwa-ruwa a tsaguna, ya bushe sarai, sannan ka ɗebi fenti da burushi, ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka shafa a gicciye. Idanu ɗigon kore mai haske ya wadatar.