Asabar kafin Jibin Ubangiji

Jos, Asabar da dare.

Hunturu ya kama sosai. Da safe hazo ya rufe duwatsun Shere, masu keke napep duk sun naɗe kunne da hular sanyi. Gobe Lahadin Jibin Ubangiji ce, ranar da ake cin gurasa a sha ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, saboda haka majami'a ba ta huta ba yau: dattawa sun yi zaman sulhu da ƙarfe 10 na safe, da ƙarfe 4 kuma aka yi koyarwar shiri. Zaman safen ne ya fi cancantar a rubuta, don a cikinsa aka ga kusan duk inda maganar tuba da gafara take lalacewa.

Magana ce ta adashi. Mata 12 ne, kowacce tana zuba naira 10,000 a wata, kwasa ɗaya 120,000 ke nan. Uwar adashin ta ɗauki kwasar wata guda ta sari tumatir a Farin Gada da niyyar ta juya ta mayar kafin ranar biya. Kasuwa ta karye, rabin kwandunan suka ruɓe. Da mai kwasa ta zo karɓa, sai aka ce mata ai mutum biyu ne ba su zuba ba, ta ƙara haƙuri. Wata huɗu ana wannan. Laifi uku ke nan a dunƙule: an taɓa kuɗin amana, an yi ƙarya, an kuma ɓata sunan mata biyu da suka zuba nasu a kan lokaci. Wanda bai rarrabe su tun farko ba zai sasanta guda ɗaya ya tashi yana ganin ya gama.

Ita ma wadda aka cuta ta yi nata kuskuren. Matiyu 18:15-17 ya jera matakai uku. Da farko ka je wurin wanda ya yi maka laifi, ku biyu kaɗai. In bai saurara ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu su zama shaidu. In ya ƙi su ma, sai a kai gaban ikilisiya. Ita kuwa ta tsallake na ɗaya da na biyu, ta sa maganar a WhatsApp na ƙungiyar zumunta ta majami'a da sunan "a taya ni addu'a". Wannan salon ya yi yawa a cikinmu, tsegumi ne aka ɗaura masa ɗankwalin addu'a. Illarsa a fili take: da zarar mutum 60 sun ji, mai laifin ta daina tunanin abin da ta yi, ta koma tunanin yadda za ta kare mutuncinta. Matakin farko an sa shi ne don rufin asiri, don mutum ya sami damar amsa laifinsa ba tare da ya sha kunyar duniya ba.

Da aka ba uwar adashin dama, sai ta durƙusa ta ce, "Idan na ɓata wa wani rai, a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne." Kowa ya san wannan jimlar, ana jin ta a kowane zaman sulhu. Ba ta ɗauke da komai. "Idan" ya mayar da laifin abin shakka, "wani" ya ɓatar da wadda aka cuta, Shaiɗan kuma ya ɗauke nauyin. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ce mata a hankali, "Mama, tashi ki zauna a kujera. Me kika yi?" Ta fara labarin faɗuwar kasuwa. Ya bar ta ta gama, ya sake cewa, "Mun ji abin da kasuwa ta yi. Ke me kika yi?" Sai a karo na uku ta ce, tana murza bakin zaninta, "Na ci kuɗin. Na kuma yi wa mutum biyu ƙarya." Ɗakin ya yi tsit. Daga nan ne aka fara zaman gaske, kusan minti 40 bayan addu'ar buɗewa.

Sa ta a kujera da ya yi dabara ce mai kyau. Idan babbar mace ta durƙusa tana kuka, idanun kowa sai su koma kan wadda aka cuta, ana jira ta ce "ya wuce". In ta yi jinkiri ita ce za ta zama mai taurin zuciya. Da haka ake ƙwatar gafara da ƙarfin kunya, kuma irin wannan ba ta kwana uku.

Kalmar tuba daga Larabci muka samo ta, asalinta komowa. Ta Ibrananci a Tsohon Alkawari ita ma juyowa ce, ta Helenanci a Sabon Alkawari kuwa sauya tunani. Babu wadda take nufin kuka a cikinsu. Bulus ya raba abin biyu a 2 Korantiyawa 7:10: akwai baƙin cikin da yake kai mutum ga tuba, akwai na duniya da yake kai wa ga mutuwa. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, ya yi nadama, ya furta cewa ya ba da marar laifi, har ya mayar da azurfa 30 ɗin, duk da haka ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku, ya yi kuka mai zafi, amma ya koma inda Yesu yake. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya nufa da laifinsa. Shi ya sa kafin a taɓa maganar kuɗi Baba Fasto ya karanta 1 Yohanna 1:9, ya sa uwar adashin ta yi addu'a da bakinta, ta ambaci laifukan uku ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah. Dawuda ma da annabi Natan ya tare shi kan matar Uriya, a Zabura 51 Allah ya fara fuskanta.

'Yan'uwanmu Katolika sun tsara wannan a matakai biyar da ake koya wa yara tun suna katikisma: binciken zuciya, nadama, ƙudurin dainawa, furtawa ga Fada, wato limaminsu, da cika aikin tuban da ya ba ka, aƙalla sau ɗaya a shekara. A ɗarikun Furotesta irin su ECWA da COCIN ba a furta wa limami a keɓe haka, amma wanda ya duba zai ga sassan ba su canza ba. Na uku da na biyar ne mutane suka fi tsallakewa a kowace ɗarika.

Sai maganar mayarwa. A nan aka ɗan ja. Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ya mayar da shi cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. A kan 120,000 ƙarin ya kama 24,000. Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19:8 ya wuce nan, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Wani dattijo ya ce ai ba ma ƙarƙashin Shari'ar Musa. Gaskiya ne, ba doka ba ce a kanmu, amma ma'aunin yana da hikima: kuɗin da aka riƙe maka wata huɗu ba shi ne kuɗin da za a ba ka yau ba, balle yadda kaya suke tashi a kasuwa. Mai kwasar ta so ta biya kuɗin makarantar ɗanta da shi, sai da ta ci bashi. Aka gaya wa uwar adashin adadin, ta amince, sannan mai haƙƙin da kanta ta ce ta yafe ƙarin. Tsarin ya yi daidai. Mai haƙƙi ne yake yafe haƙƙinsa, dattawa ba su da ikon yi mata kyauta da kuɗinta.

Aka rubuta a takarda: 20,000 kowane ƙarshen wata har wata shida, ta hannun ma'ajin zumunta, shaidu biyu suka sa hannu. Uwar adashin ta so ta ce za ta biya duka a wata biyu, aka hana ta. Alkawarin da aka yi cikin zafin kunya yakan fi ƙarfin aljihu, in ya karye kuma an sami sabon laifi a kan tsohon. Game da matan nan biyu da aka ɓata wa suna, za ta je gidan kowacce a wannan makon, sannan ta wanke su a taron zumunta, tunda a nan ne maganar ta yaɗu. Ƙa'idar ita ce furci ya kai iyakar inda laifin ya kai, kada ya gaza, kada kuma ya zarce. Babu dalilin karanta wannan a gaban dukan jama'a ranar Lahadi.

Da aka juyo kan wadda aka cuta, sai ta ce, "Baba, ni na bar ta da Allah." Baba Fasto ya yi murmushi ya ce, "'Yata, wannan maganar baki biyu gare ta. Kin bar ta da Allah ya ji ƙanta, ko kin bar ta da Allah ya saka miki?" Ta yi shiru, sannan ta ce gaskiya na biyun ne. Sau da yawa "na bar shi da Allah" ƙanwar "Allah ya isa" ce.

Ya buɗe misalin bawan nan a ƙarshen Matiyu 18, ya yi lissafin a bayan ambulan. Dinari ɗaya ladan yini guda ne na ma'aikaci. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, wajen aikin shekara 20. Bawan sarki ana bin sa talanti 10,000, wato dinari miliyan 60, aka yafe masa. Shi kuma ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Masu wa'azi sukan ce dinari 100 ba komai ba ne, amma ladan fiye da wata uku ne, duk wanda aka riƙe wa albashin wata uku ya san zafinsa. Yesu bai raina abin da aka yi mata ba. Ya ajiye shi ne kusa da wanda aka yafe mata, ya ce ta duba.

Daga nan ya fayyace mata abin da take ɗauka wa kanta in ta ce ta yafe. Ba za ta rama ba. Ba za ta riƙa tono maganar duk ran da suka saɓa ba. Ba za ta ƙara kai ta wurin wasu ba, kuma za ta goge abin da ta rubuta a WhatsApp, ta nemi gafarar tonon asirin da ta yi. Za ta yi mata addu'ar alheri da suna. Abin da ba ya ciki kuwa: ba a ce ta manta ba, ba a ce kada ta karɓi kuɗinta ba, ba a ce a sake damƙa wa matar jakar adashi ba. Gafara kyauta ce, amana kuwa sai an sake gina ta. Yusufu bai rama wa 'yan'uwansa ba, amma sai da ya gwada su da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu kafin ya bayyana musu kansa. Ta tambaya, in ta gan ta gobe ranta ya sake ɓaci fa? Ya ce zai ɓaci, wataƙila har wata da watanni, wannan ba ya nufin yafewar ta warware. Duk ran da abin ya taso ta sake ajiye shi, ko lissafin bakwai sau saba'in ma da Yesu ya ce a yafe zai iya ƙarewa a kan laifi guda.

An ɗan taɓa batun horo, ko a sa uwar adashin a bencin baya, a dakatar da ita daga Jibi. Aka ga ba dalili, tunda ta amsa laifi ta kuma ɗauki hanyar gyara, sai dai ta sauka daga riƙon kuɗi. Ni dai ina ganin horo a majami'unmu yana da ciwo biyu. Ya fi sauka a kan yarinyar da ciki ya tona, ya bar mai cin kuɗin jama'a a kujerar gaba. Kuma sau da yawa ana sa shi ba a faɗi ranar cirewa ba, alhali Bulus a 2 Korantiyawa 2:6-8 ya ce horon ya isa haka, a yafe wa mutumin a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Koyarwar yamma gajeriya ce: 1 Korantiyawa 11:28, kowa ya gwada kansa kafin ya ci, da Matiyu 5:23-24, in ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka bar baikonka ka je ku shirya tukuna. A lura, a sura 5 mai laifi ne aka ce ya tashi ya je, a sura 18 kuma wanda aka yi wa laifin. Babu wanda aka bar wa hujjar zama yana jiran ɗayan.

Wajen tambayoyi wata gwauruwa ta miƙe. A garin nan da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, ba sai ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Baba, wanda ba ka san fuskarsa ba, bai kuma zo ya nemi gafara ba, yaya ake yafe masa?" Baba Fasto bai yi saurin amsawa ba. Ya ce sulhu sai da mutum biyu, wannan kam ba ya hannunta. Abin da yake hannunta shi ne ta sauke ramuwa, kamar yadda Romawa 12:19 ya ce, kada kuma ta gadar wa 'ya'yanta ita. Neman hukuma ta yi adalci bai saɓa wa wannan ba, sura ta 13 tana nan biye. Ya ƙara da cewa kada kowa ya sa mata ranar gamawa. Ta zauna, ba ta ce ta gamsu ba.

Bayan an tashi, matan da ke shirya tebur suka wanke ƙananan kofuna suka kife su a tire, aka yanka gurasa aka rufe da farin ƙyalle. Ma'ajin zumunta ta ce an riga an kawo mata 5,000 daga cikin 20,000 na watan farko, tsofaffin takardun ɗari biyar-biyar a ƙulle a leda. Mai kwasar kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Baba Fasto ba ta tabbata za ta ci Jibi gobe ba. Ya ce ta kwana da maganar, in ta ga dama ta same shi a ofis da ƙarfe 7 kafin sujadar Hausa.