Laraba: ƙura 1,740 da gurbi guda

Tun kafin assalatu na farka, don zafi bai bar ni na yi barcin kirki ba. A tsakar gida muka kwana ni da ƙannena, kowa kan tabarmarsa, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. Waya na fara lalubowa. Jiya Talata wajen magariba sabon zubin katunan Hearthstone, wasan katin da nake bugawa a waya, ya fito, amma sai da dare ya raba, lokacin da data ke da araha, na sa ya fara sauka na kwanta. Na tarar ya gama. Na daure ban buɗe ba sai da muka dawo daga masallaci.

Zinare 1,400 na tara a cikin wasan, fakiti 14 ke nan, tunda kowane ɗaya 100 ne, kati biyar-biyar a ciki. Shekara ta huɗu ke nan ina wasan nan, ko kwabo ban taɓa sa masa daga aljihuna ba, shi ya sa kowane fakiti nake buɗe shi a hankali. A na bakwai hasken ruwan goro ya bayyana, alamar babban kati. Dama ƙa'ida ce, a cikin fakiti 10 na farko na sabon zubi sai an ba ka guda. Gabana ya faɗi, na juya shi, sai na ga na ajin Priest ne. Ni kuwa ajin Maharbi nake yi tun ranar da na fara, katin wani aji ba ya yi mini aiki. Da na niƙa shi, wato na rushe shi, da na samu 400 na ƙurar da ake ƙera kati da ita, amma na bar shi. Ba na niƙa sabon kati a makon da ya fito.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da na shiga dek ɗina, wato jerin katunan da nake wasa da su. Zubin farko na kowace shekara shi ke tafiya da tsofaffin katuna, tun 2016 da aka raba wasan gida biyu, Standard na sababbin katuna da Wild na kowane kati. Na san da zuwan ranar, amma sani daban, gani daban. Kati 11 cikin 30 sun fita, har da biyun da na fi dogara da su a zagaye na biyu. Dek ɗin da na yi wata huɗu ina gyarawa, wanda na san shi kamar yunwar cikina, yau ga shi da giɓi ko'ina.

Ƙarfe takwas da rabi na buɗe shagon Yaya a titin Emir Yahaya. Kasuwar safe ba ta yi wani motsi ba, caja biyu da gilashin waya ɗaya na sayar. Na yago takarda daga bayan littafin rasit na zana tsanin mana, wato kuɗin ajiye kati a fili: mana 1, mana 2, har zuwa 7, na jera katunan da suka rage kowa a matakinsa. Nan na ga inda ciwon yake. Mataki na biyu kati biyu kacal, na huɗu kuwa ya cika har yana zuba. Dek irin nawa, mai son gamawa kafin abokin karawa ya farga, in ya wuce zagaye na biyu bai ajiye komai a fili ba, to ya ba da gari tun ba a je ko'ina ba. Mana ɗaya ake ƙara maka kowane zagaye har ya kai 10, wanda ba ka kashe ba kuma ba a ajiye maka shi.

Ina cikin wannan lissafi sai ga abokina na Mabera ya sauka daga kabu-kabu, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo mini waya.

"Mi kaka jira? Ni tun daren jiya na ƙera shi. Walle katin ga bai da na biyu."

Na san wanda yake nufi. Tun da aka fara nuna sababbin katunan kowa maganarsa yake. Babban kati ne mai mana 8, na kowa da kowa, kowane aji zai iya sa shi, zanensa kuma ya yi kyau ƙwarai, ban musa ba. Ƙura 1,600 ake ƙera irinsa. Ni 1,740 gare ni, kuma wata biyar na yi ina tara ta, biyar-biyar daga fararen katuna, ashirin-ashirin daga shuɗaye. In na ƙera shi, 140 za ta rage mini, giɓi 11 kuma na nan.

Na ce masa, mutumina, zauna mu auna shi. Tsohon ma'auninmu shi ne Chillwind Yeti: mana 4, ƙarfin duka 4, rai 5, ba rubutu ko ɗaya a jikinsa. Ka haɗa duka da rai ka samu 9, ninkin mana da ɗori ɗaya. Boulderfist Ogre ma haka, mana 6, duka 6, rai 7. Katunan yanzu sun wuce nan nesa, amma har yau da shi nake fara awo, don yana nuna mini nawa aka cire daga jikin kati aka biya rubutunsa. Wannan sabon jikinsa bai kai kuɗinsa ba, duk ƙarfinsa a rubutun yake. Rubutun kuwa ba ya aiki ranar da ka ajiye shi. Sai ya kwana a fili, ya kai zagaye na gaba da ransa. Ka kashe mana 8 ɗinka kaf, ka miƙa wa abokin karawa zagaye guda ya yi yadda ya ga dama.

Ya ce ai haka aka raina tsohon babban katin nan Dr. Boom. Wannan gaskiya ne, kuma na ji daɗi da ya kawo shi. A Disamba 2014 da zubin Goblins vs Gnomes zai fito, mutane da yawa Troggzor suke yaba wa, mai mana 7 kamar Dr. Boom, ba su ɗauki Dr. Boom da muhimmanci ba. Da aka fara wasa sai Troggzor ya ɓace, Dr. Boom ya shiga kusan kowane dek. Amma dalilin fa? Dr. Boom da ya sauka, jiki uku ne a fili: shi kansa 7 da 7, ga 'yan bama-bamai biyu da ko an kashe su sai sun yi ɓarna tsakanin 1 zuwa 4. Ko ka kawar da uban, ka riga ka sha. Troggzor shi ne mai jiran abokin karawa ya yi wani abu tukuna. Na ce masa katinka da Troggzor ya fi kama.

Sai na juya takardar na yi masa wani lissafin. Babban kati guda ɗaya tak ake yarda ka sa a dek, sauran biyu-biyu. In kai ka fara, kati 3 ne a hannunka, kana jan ɗaya kowane zagaye, zuwa zagaye na 8 ka ga kati 11 cikin 30. In ba ka da masu jawo kati, a wasa 100 kusan 37 ne kawai zai kasance a hannunka lokacin da kake son sa. Ni kuma dek ɗina so yake a tashi wasa a zagaye na 7. To ina zan kai shi?

Bai yarda ba. Ya ce takarda ba ta buga wasa. Nan ma da gaskiyarsa, don ni kaina na san labarin Prince Keleseth na 2017, wanda sharaɗinsa shi ne kada ka sa wani kati mai mana 2 a dek ɗinka. A takarda wa zai yarda da wannan? Amma ya zo ya addabi mutane wata da watanni. Muka yanke mu gwada bayan azahar.

Na cike giɓin da abin da na samu a fakitin safe da katunan kyauta da ake ba kowa. A ciki akwai wani ɗan ƙarami mai shuɗin dutse, mana 2, wanda in ya mutu yakan bar wani a gurbinsa. Da safe ko karanta shi ban tsaya yi ba. Guda ɗaya gare ni, na jefa shi don dai mataki na biyu ya samu mutum.

Wasa shida muka yi, Yaya na gefe yana sallamar masu saye, yana cewa in dai ba a yi kuskuren canji ba babu ruwansa. Abokina ajin Warrior ya ɗauka. Na ci huɗu, ya ci biyu. A uku daga ciki katin nasa ko leƙowa bai yi ba. Na huɗun ne ba zan manta ba. Ni ne na biyu, kati 4 da Tsabar da ake ba na biyun, mai ƙara mana ɗaya a zagayen da ka sa ta. Na mayar da masu tsada biyu, sai ɗan shuɗin nan ya zo. Na sa Tsaba na ajiye shi tun zagayen farko. Ya ɗauko gatari ya sare shi, ya sha duka a fuska, sai ga wani ya tsaya a wurin. Ya sake sara, gatarin ya ƙare. Kati guda mai mana 2 ya cinye masa makami sukutum, ni kuwa ina ta jera mayaƙa a bayansa. A zagaye na 8 ransa saura 9, ya ajiye babban katin yana murmushi. Ban ko kalle shi ba. Mayaƙana uku suka ba shi 7, kibiyar Maharbi mai mana 2 ta cika sauran biyun.

Wasa na biyar kuwa ya nuna mini ɗayar fuskar. Ya share mini fili sau biyu, ya tara sulke, ya kafa mai tsaron ƙofa, mayaƙin da sai an kawar da shi ake kai wa ga fuska, hannuna ya bushe. Ya ajiye katin babu mai taɓa shi, ya kwana, ya tashi. Abin da ya yi mini a zagaye biyu ban taɓa gani ba. Na faɗa masa gaskiya, a dek mai jan lokaci irin nasa, katin na da gida. Sai dai na lura, kafin ya sauka ma an riga an ci ni. Ban ga wasa ko ɗaya da yana ƙasa katin ya ɗago shi ba, kuma wannan ne abin da nake nema a wurin kati mai ƙura 1,600.

Ana cikin na shida wayata ta yi zafi har hoto ya fara tsayawa. Na cire mata riga na jingina ta a jikin randar da ke bakin shago, inda ƙasa ke da danshi, minti goma ta dawo hayyacinta. A Sakkwato a wannan wata, waya ma sai an yi mata fifita.

Bayan la'asar na biya ta inuwar da Kawu ke dara da abokansa. Na gaishe su na tsuguna. Ya ga takardar a hannuna da layuka da lambobi, ya ce, "Kai ɗana, wanga wasa naku, ba caca ta ba?" Tambayar ba ta ba ni haushi ba, don ni ma na taɓa yi wa kaina ita. Na ce, Kawu, ba a cin kuɗin kowa a ciki, ba a fitar da komai a sayar. Amma fakitin da ake saye da kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, shi ya sa na yi wa kaina iyaka, abin da wasa ya ba ni da shi nake yi. Ya jinjina kai bai ce komai ba. Na zauna ina kallon su. Gurbi 30 ne a ƙasa, shida sau biyar, kowa da 'ya'ya 12. Yadda Kawu ke daɗewa kafin ya dasa kowane ɗa a farkon wasa, tun ba a fara ci ba, shi na tsaya kallo. Abokin wasansa na ta cewa ya yi sauri, shi ko ko a jikinsa. Da aka fara tafiya, sau uku a jere ya jera uku ya ci.

Da dare bayan isha'i na ƙera ɗan shuɗin nan na biyu da ƙura 100. Ya tuna mini da Haunted Creeper na 2014, mai barin gizo-gizo biyu in ya mutu, irin katin da ba a yi masa kirari amma ana jin rashinsa. Sauran 1,640 na bar ta. Makon farko kowa gwaji yake, abin da ke ci yau ba lalle ya ci jibi ba. Ga kuma aski: a 2020 da ajin Demon Hunter ya fito, kwana ɗaya aka yi aka rage wa katunansa ƙarfi. In aka aske kati ana mayar maka da ƙurarsa cif na ɗan lokaci, amma sauran da ka ƙera don su raka shi, asararsu a kanka take. Mako biyu zan jira.

Na shiga gasar tsani na yi wasa biyar, na ci uku. Ɗaya daga cikin biyun da na sha, sabis ne ya yanke ina da ci a hannu. Daƙiƙa 75 ake ba mutum, ina kallo igiyar ƙidayar lokaci ta kama wuta tana ci har ta ƙare, yatsana a kan katin amma ya ƙi tafiya. Raina ya ɓaci sosai, sai da na fita ƙofar gida na sha iska.

Yanzu kati 29 sun zauna daram. Gurbi guda ya rage, kuma biyu ke nemansa: wani mai mana 3 da ke jawo kati, da wani sihiri mai mana 4 da zan iya jefa wa fuska in an tare mini ƙofa. A wasa biyu hannuna ya bushe, a ɗaya kuma mai tsaron ƙofa ne ya hana ni duka 4 na ƙarshe. Na rubuta su biyun a ƙasan takardar rasit, zan ba kowanne wasa goma in riƙa yin alama. Abokina ya turo saƙo wai ya sauya kati uku, in shirya masa gobe bayan azahar. An ɗauke wuta tun ƙarfe tara, batir saura 12, na shimfiɗa tabarma a waje.