Mako Ukun da Fulsar Ƙaguwa Ta Cinye Mini

Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Mako uku cur na ɓata a kan abin da umarni ɗaya a kwamfuta ke gyarawa.

Aikin da Malam ya ba ni ba mai wuya ba ne. In sauko da bayanan eksire na fulsar Ƙaguwa, wani mataccen tauraro mai juyawa da haskensa ke iso mana bugu-bugu, daga NICER, na'urar da NASA ta liƙa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017, in jera lokutan isowar hasken bisa juyin tauraron. Fulsar nan ragowar tauraron da masanan Sin suka ga fashewarsa a 1054 ce, tana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa. In an yi daidai, tudu biyu ne ke fitowa a zanen, wa da ƙani, hasken filasma, wato iskar gas mai cajin lantarki, da maganaɗisun tauraron ke wujijjigawa.

Ni kuwa shafaffen fili na samu, kamar an bi da tsumma. Na ɗauko lissafin juyin da cibiyar nazarin taurari ta Jodrell Bank ke fitarwa duk wata, na sake gwadawa, shiru kake ji. Sai zuciya ta raya mini wai sabon abu na gano, ko tauraron ya yi tuntuɓe a juyinsa, ko filasmar ce ta rikice. Har na fara tunanin taken da zan sa wa maƙalar, Allah ya kyauta.

Malam ko minti ɗaya bai yi yana duban allon ba. "Kai, da agogon wa kake aunawa?"

Ashe ban mayar da lokutan zuwa cibiyar nauyin tsarin rana ba, wato inda za a auna su ba tare da motsin duniya ya gusar da su ba. Haske na cin kusan daƙiƙa 500 tsakanin rana da duniya, don haka bugun kan riga ko ya makara da kusan hakan, gwargwadon inda duniya take a shekara. Ko zagayen tashar kanta na minti 90 yana iya gusar da lokacin da kimanin milisakan 20, alhali juyin duka-duka milisakan 33 ne. To ina tudu zai tsaya?

Na haɗa barycorr, umarnin da ke yin wannan gyaran, da fayil ɗin zagayen tashar, kafin shayina ya huce tudun biyu sun miƙe. Abin da ya fi ƙona mini rai, na sha ganin sunan nan a takardar bayani, ina tsallakewa don na ɗauka gyaran ƙawa ne. Yanzu ba na taɓa fayil sai na ga TIMESYS ɗinsa, layin da ke nuna agogon da aka auna da shi, na cewa TDB, wato agogon cibiyar tsarin rana. Malam dai har gobe in muka haɗu sai ya tambaye ni ƙarfe nawa.