Tsohuwar Kombi da Hanyar Gwanja

Bahaushen da ya sauka Kumasi ba ya shan wahalar baƙunta irin ta wanda ya nufi Turai. Da asuba kiran salla zai tashe shi a Aboabo ko Asawase, ya fito ya tarar da koko da ƙosai a bakin titi, da dare ga tuwon zafi. Hausar Zango ta ɗan sha bamban da tamu ta Zariya, amma ba ta hana ciniki ba, ba ta hana zumunci ba. Na zo a 2017 don in kama wa kawuna harkar yadi a kasuwar Kejetia, daga baya iyalina suka biyo ni. Mutanen Zango sun karɓe mu hannu bibbiyu, Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai wannan sauƙin yana iya tsare mutum wuri ɗaya. Gida, shago, masallaci, gida. Akwai waɗanda suka yi furfura a Kumasi ba su san Ghana ba in ban da hanyar Accra da tashar motar komawa gida. Yarana kuwa sun fara jin Twi, yaren Asante, a makaranta, suna dawowa da sunayen koguna da dazuzzukan da ni ubansu ban taɓa takawa ba. Ranar da babbar 'yata ta ce, "Abba, malaminmu ya ce a gandun dajin Mole mutum yana tafiya da ƙafa kusa da giwa, gaskiya ne?" na ƙudurta a raina cewa amsar wannan tambaya da ido za su gan ta.

A Suame Magazine na ga motar da za ta kai mu. Wanda bai san wurin ba, unguwa ce sukutum ta makanikai da maƙera da masu walda da 'yan kayan gyara, dubban mutane, ƙarar guduma tun safe har magariba. A bayan wani gareji take, Volkswagen Kombi ta shekarun 1970, irin wadda ake ɗaga rufinta a kwana a ciki. Tayoyi sun sace, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Mai garejin, wani dattijo Ba'asante da kowa ke kira Masta, ya ce wasu Turawa ne suka ƙetaro Sahara da ita tun yana yaron shago, suka sayar suka hau jirgi.

Da na kai wa Kawu maganar, shiru ya yi sannan ya ce, "Ɗana, kuɗin da za ka zuba a wannan kwarakwatsan zai saya maka ƙaramar mota mai lafiya."

Na ce, "Haka ne, Kawu. Amma ƙaramar mota ba za ta kwanar da mu shida a daji ba."

Ya ce in dai na yi shawara da maiɗakina, to Allah ya sa albarka.

Gyaran ya ɗauki lokaci, domin da ribar shago ake yinsa, wata ya yi kyau a sayi abu, wata ya yi tsauri a jira. Da ƙashin motar muka fara. Masta ya ce fenti a kan tsatsa yaudarar kai ne, don haka aka kankare ta har sai da farin ƙarfe ya fito, aka yanke duk inda ya ruɓe, mai walda ya ɗinke da sabon faranti. Injin Kombi a baya yake, kuma ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Fanka na hura iska a kan silinda, baƙin mai na ɗauke sauran zafin. Saboda haka duk wani ɗan murfin gwangwani da robar da ke kewaye da injin suna da aiki, in aka bar ɗaya a cire sai iska mai zafi ta riƙa komawa ciki har injin ya ƙone. Makanikai da yawa na yar da su don suna ganin ba su da amfani. Masta ya sa yaransa suka bi rumfa rumfa suna nema, wanda aka rasa aka ƙera shi. Aka wanke kafireto, aka sa sababbin fulogi da fanbel, aka sake burki gaba ɗaya. Ya zaunar da ni ya koya mini saita bawul da hannuna, injin na sanyi, domin a cewarsa wanda zai shiga daji da tsohuwar mota bai kamata ya dogara da waya ba.

A garejin nan na koyi Twi ɗin da ban koya ba a kasuwa. A shago kalmomin ciniki ne kawai, nawa ne, rage mini. A nan kuwa sai an yi gardama, an yi bayani, an yi dariya, an ci abinci a kwano ɗaya. Yaran Masta akwai Dagomba, akwai Frafra, akwai 'yan Zango. In lokacin salla ya yi, Masta da ke Kirista shi ke cewa, "Alhaji, je ka, aikin zai jira." Ban je Makka ba tukuna, amma haka yake kirana, na kuma san girmamawa ce.

Cikin motar maiɗakina ce ta tsara shi. Kafinta ya yi benci mai buɗewa ya zama gado, da durowar tukwane da wurin risho. Ita ta ɗinka labulaye da yadin shagonmu, ta sa gidan sauro a kowace taga da jikin rufin. Muka ɗora farantin sola ɗaya da batir don fitila da cajin waya, da jarkokin ruwa na sha da na alwala, da tabarmi a naɗe a bayan kujera.

Gwajin farko tafkin Bosomtwe muka je, kudu maso gabas da Kumasi, ramin da wani dutse daga sama ya haƙa kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Gangaren shiga wurin ya gwada burki, hawan fitowa ya gwada inji, duka suka ci jarrabawa. Yara suka tsaya kallon masunta a kan faffaɗan katako suna tuƙi da hannu.

Mole kuwa da rani muka tafi, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji ke taruwa a bakin ruwa. Tafiyar yini ce a Kombi, don ba ta son gaggawa: Techiman, Kintampo, a haye kogin Volta a Buipe, a karya yamma a Fufulso zuwa Damongo. Tun daga Kintampo ƙasar ta fara sauya kama. Dogayen itatuwan kurmi suka ja baya, sai ga kaɗanya da ɗorawa da kuka, ga jar ƙasa da hazon hunturu. Maiɗakina ta leƙa ta taga ta ce, "Maigida, wannan ai hanyar Giwa ce." Garinsu take nufi.

Nan ce Gwanja, wadda kakanninmu suka yi ta fatauci zuwa cikinta da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fata, su koma da goro. Babbar kasuwar tana Salaga, gabas da inda muka bi, kuma bayan yaƙin basasar da aka yi a garin a 1892 ne Hausawa da yawa suka watsu zuwa wasu garuruwa, har da Kumasi. Na san wannan labari tun ina yaro, amma tsayuwa a kan ƙasar daban ce. Na gaya wa yarana cewa zamanmu a nan ba sabon abu ba ne, sawun wasu muka taka. Kafin ƙofar gandun muka tsaya a Larabanga muka ga tsohon masallacin laka, fari tas da itatuwa tsire a jikinsa, wanda mutanen garin ke cewa an gina shi a 1421.

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971. Masaukin yana kan tudu, ƙasa kuma ga tafkunan da dabbobi ke sha. Da sassafe ma'aikacin gandun ya shige gaba da bindigarsa a kafaɗa, ya ce kada a ɗaga murya, kada a yi gudu, kada wani ya wuce shi. Muka ga mariya garke guda, da gwambaza, da gadu na kiwo a durƙushe, gwaggon biri kuwa har wurin kwananmu suke zuwa, dole a rufe abinci. Sannan giwaye suka fito daga cikin itatuwa suka shiga ruwa. Ba wanda ya ce uffan. 'Yar nan tawa ta riƙe hannuna gam, ni kuwa tasbihi kawai nake yi.

Abin da ya fi taɓa ni ba giwar ba ce. Ni mutumin jihar Kaduna ne. Muna da gandun Kamuku a Birnin Gwari, amma yau in aka ambaci dajin nan gaban mutum faɗuwa yake, saboda 'yan bindiga. Yarana sun tashi suna jin daji a matsayin inda ake kai wanda aka sace. A Mole suka kwana a bakin daji, suka ji kukan tsuntsaye da dare, suka tashi lafiya. Ina so su riƙe wannan, su san asalin daji ni'ima ce da amana, kuma ana iya kiyaye shi. Ghana ma tana da nata ciwon. Wanda ya ga yadda haƙar zinariya ta bayan fage, wadda ake kira galamsey, ta mayar da kogin Offin da Pra ruwan laka, zai gane cewa kuɗin shiga gandu da albashin masu gadinsa ba asara ba ne. Inda aka zana iyaka aka tsare, nan ne jikokinmu za su ga yadda ƙasar take tun farko.

Daga baya mun je Kakum kusa da Cape Coast, kurmi mai duhu da danshi, muka bi gadojin igiya bakwai da aka rataya tsakanin ƙololuwar itatuwa tun 1995. Maiɗakina ta haye su duka tana salati. Dabba ba ta cika ganuwa a can ba, itatuwan ne abin kallo.

Yanzu in Kombi na tsaye a ƙofar gida, maƙwabta kan tsaya su tambayi hanya da kuɗin mai da inda ake kwana. Iyalai biyu a layinmu sun haɗa kuɗi sun ɗauki hayar bas zuwa Mole a hutun makaranta. Kawu da kansa ya ce tafiya ta gaba da shi za a yi, amma sai an bi ta Salaga, yana so ya ga rijiyoyin garin da kakansa ke ba shi labari. Na mayar da motar wurin Masta ya duba kuloci, ya kuma ƙara kujera ɗaya mai jingina saboda bayan Kawu.