Darasin da na koya kan tsohon sunan mawaƙi da alamar kasuwanci

A karatun dokar mallakar fasaha, batun da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin mawaƙi ko ɗan wasan da ya bar ƙungiyarsa, alhali sunan da jama'a suka san shi da shi yana da rajista a hannun wasu. Abin da kotunan Amurka suka nuna mini shi ne, mai alamar kasuwanci yana da ikon hana a yi ciniki da sunansa, amma ikonsa bai kai ga hana mutum faɗin tarihinsa ba.

Shari'o'i biyu ne suka fito da wannan fili, dukansu daga kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta tara. Nicholas Kassbaum, wanda ya kaɗa wa ƙungiyar mawaƙa ta Steppenwolf jitar bass daga 1968 zuwa 1970, ya sa hannu a 1980 cewa ya sallama haƙƙinsa a kan sunan. Duk da haka, a 2000 kotu ta ce yana iya rubuta "tsohon ɗan Steppenwolf" a tallarsa, domin maganar gaskiya ce kuma ba za ta ruɗa mai sayen tikiti ba. Al Jardine kuwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mawaƙa ta Beach Boys, ya sha kaye a 2003, saboda ya cusa sunan Beach Boys cikin sunan sabuwar tawagarsa, ya kuma fito da shi ɓaro-ɓaro a talla, har wasu suka ɗauka ainihin ƙungiyar za su gani. Abin mamaki, shi kansa yana da hannun jari a Brother Records, kamfanin da ke da rajistar sunan, wanda ya kai shi ƙara.

A ganina hukuncin biyu sun yi daidai, sai dai hakan bai share wa ɗan wasa hawaye ba, tunda ambaton suna daban, cin abinci da shi daban. Misali, ɗan kokawa Cody Rhodes ya bar kamfanin kokawa na WWE a 2016, ya yi ta kokawa da sunan Cody kawai, har zuwa 2020 da kamfanin ya saki rajistar cikakken sunan.

Shi ya sa yanzu idan aka ba mu irin wannan matsala a aji, nakan fara da karanta kwantiragin da aka sa wa hannu, sannan in duba fastar kanta: wane suna aka rubuta da manyan haruffa, an ɗauko tambarin tsohuwar ƙungiya ko ba a ɗauko ba, kuma kalmar "tsohon" tana karantuwa daga nesa ko an maƙale ta a ƙasa.